Lambata a Ƙofar Malam

Litinin, ƙarfe bakwai na safe

Sun ɗauke ni.

Jiya da yamma manajar sabon kamfanin ta kira, ina cikin mota ina dawowa daga wurin mutumin nawa, wato mijina tela. Direba ya ƙure rediyo, sai da na toshe kunne ɗaya da yatsa kafin in ji ta. Ta ce aiki ya zama nawa, kuma daga ofishinsu zuwa asibitin da ake duba shi tafiyar ƙafa ce. Tafiyar ƙafa! Ni da nake kashe rabin yini a mota duk Juma'a don in ga mijina, in sake kashe wani rabin ran Lahadi don in dawo.

Ina cikin zuba godiya ta ce, "Amma fa da lambarki za ki zo mana."

Bari in rubuta zancen lambar nan, tunda na yi wa Yaya, yayar mijina, bayani har bakina ya bushe, ita dai abin da take cewa shi ne, "Ba ke kika ci jarrabawar ba?" Ni na ci. Satifiket nawa ne, lambar da ke jikinsa tawa ce. Amma masu ƙera na'urorin sadarwar da muke kafawa ba sa yarda wani kamfani ya yi aiki da sunansu sai yana da injiniya mai lamba. Tawa tana rataye a shafinsu na intanet, ƙarƙashin kamfanin Malam, ubangidana a wurin aiki. Da ita aka kafa tambarinsu a saman ƙofarmu, da tambarin muka samu kwangilar kwaleji, da kwangilar muke ci mu duka. In na tafi ba da yardar Malam ba, lambar za ta yi shekara a daskare ba mai amfani da ita, sabon kamfanin kuwa ba zai jira ba. In ya yarda, maɓalli ɗaya zai danna, shi ke nan. Sai dai ranar da ya danna, kamfaninsa ba shi da lamba. Tasa ta mutu tuntuni bai sabunta ba, wai idonsa ya huta tunda ga ni.

Manajar ta ba ni zuwa ƙarshen wata.

Talata, bayan azahar

Na faɗa wa Malam.

Na same shi a teburin baya yana manna wa wani kebul takarda. Dokar Malam ke nan tun ina 'yar makaranta mai riƙe masa tsani: kowane kebul sai an rubuta masa suna a baki biyu, inda ya fito da inda ya nufa. Ko kebul ɗin bai kai kamu ɗaya ba, ko kana ganin ƙarshensa da idonka, sai ka rubuta. Ya sha sa ni in kwance aikin yini guda saboda takarda ɗaya.

Na tsaya a kansa ina kame-kame, har da zancen zafin gari. Ya ce, "Injiniya, ko ki faɗi abin da ya kawo ki, ko ki miƙo min almakashi."

Na faɗa. Bai ɗago ba. Ya gama manna takardar, ya shafe ta da babban yatsa, sannan ya ce, "Yaya jikin tela?"

"Da sauƙi."

"Sauƙin da ake faɗa wa baƙi, ko na gaskiya?"

Na sunkuyar da kai. Ya jawo wani kebul.

"Ki ba ni lokaci, 'yata."

Na so in ce lokacin ne ba ni da shi. Na miƙa masa almakashin.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Bai danna ba.

Asabar, da hantsi, a asibiti

Yau ranar injin wankin ƙoda ce. Ina zaune a kujerar roba kusa da gadon mutumin nawa, yana barci baki a buɗe. In na faɗa masa zai rantse idonsa biyu.

Kafin ya yi barci na ba shi labarin lambar. Ya saurara har ƙarshe, ya ɗaga hannun da aka soka wa robobin, ya ce, "Ashe mu biyu ne. Ke an rataye lambarki, ni an rataye hannuna." Na yi dariya don ya ga na yi.

Ya kama ni ina bin robobin da ido daga hannunsa zuwa injin, ja ɗaya, shuɗi ɗaya, ba takarda a bakin ko guda. Ya ce, "Don Allah Injiniya, kar ki gyara musu komai."

Ƙafafunsa ba sa shiga takalmin da na sayo masa. Mutumin da ƙafarsa ba ta sauka daga kan keken ɗinki tun safe har magariba. Ya ce takalmin ne ya ƙanƙance, kayan yanzu ba su da amana. Na ce haka ne.

Likita ya kira ni gefe. Ba zan rubuta ba.

Litinin, ƙarfe ɗaya na rana

Dogo ya ji. Shi ne mai ja mana kebul a cikin silin, ya fi shekara goma yana shaƙar ƙurar rufin mutane, gidansa cike da yara, ga matarsa ta haihu kwanan nan. Muna cikin ɗakin na'urori na kwaleji, yana kan tsani rabin jikinsa a sama, muryarsa ta sauko.

"Anti, wai gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"To in kin tafi, tambarin ƙofa fa?"

"Sai a cire."

"Kwaleji fa?"

Na ce ya miƙo min bakin kebul. Ya miƙo. Can ya ce, "Allah ya ba tela lafiya. Ni ma da haka zan yi." Da muka tashi hutu ya je ya kawo min shayi, ya zuba sukari yadda nake so, abin da bai taɓa yi ba. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Talata, da safe

Bai danna ba. Na buɗe shafin a wayata kafin in wanke fuska.

Laraba, bayan la'asar

Malam guduna yake yi, ba wani ɓoye-ɓoye. Sai ya shige sito ya ja ƙofa, in na ƙwanƙwasa ya ce yana zuwa. Idonsa jajawur. Ni kaɗai yake turawa kwaleji, shi da ba ya yarda a taɓa na'urorin can ba ya nan. Yau manajar ta sake kira, murya mai laushi, irin laushin da ke nufin akwai wani yana jira a bayana. Na ce mata an kusa.

Ban taɓa zaton Malam zai yi min kunnen uwar shegu ba. Mutumin da ya kai ni jarrabawa da motarsa, ya zauna a waje cikin rana har na fito. Mutumin da ya tsaya min a matsayin uba ranar aurena. Wallahi raina a ɓace yake, kuma abin haushin, ina jin kunyar ɓacin ran.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Na yi abin da ban so ba.

Ya fito daga sito zai wuce, na tare hanya. A gaban Dogo na ce, "Malam, ni kake riƙewa ko lambar? In lambar ce ka faɗa min, in san matsayina."

Dogo ya sulale waje kamar an kira shi. Malam ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa.

"Duka biyun a hannuna suka girma," in ji shi. "Na ce ki ba ni lokaci."

"Kullum lokaci! Shi wancan da ke kwance, wa zai ba shi?"

Ya mayar da tabaran a karkace, ya koma sito. Ya ja ƙofar, ban bi shi ba.

Asabar, da yamma, gidan Yaya

Ina wanke kofuna Yaya ta shigo kicin ta rufe ƙofa. Ta ce mutumin nawa ya hana ta faɗa min, amma ba za ta iya riƙewa ba. Ran Talata ya faɗi a banɗaki. Ita kaɗai ce a gida, bayanta kuma ba ya ɗaukar nauyi, sai da ta fita titi ta nemo maƙwabci. Duk tsawon lokacin yana kwance a kan jiƙaƙƙen siminti yana ba ta haƙuri.

Ran Talata ni ina ina? Ina kwaleji ina gyara wa ɗalibai intanet.

Na wanke fuska na koma ɗaki. Kallo ɗaya ya yi min ya gane. Ya ce, "Yaya da baki." Sai ya jawo zancen Malam, na gaya masa abin da na faɗa ran Alhamis. Ya rufe ido.

"Haba Injiniya. Tsohon nan?"

"To me zan yi?"

"In bai danna ba ki yi zamanki. Ni ina nan. Ina injin zai bar ni in je?"

Na kwantar da kaina a gefen kafaɗarsa, ta ɓangaren da ba a soka komai. Ya rame har ina jin ƙashin. Ina son mutumin nan, ina tsoro, kuma ba ni da wanda zan faɗa wa sai wannan littafin.

Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe, a kan matakalar ofis

Bari in rubuta tun abin yana sabo.

Na yi sammako don in ɗauki kayan aiki in wuce kwaleji ba tare da mun haɗu da Malam ba. Na tarar da ƙofa a buɗe, sito da haske. Na leƙa ta tsagar ƙofa.

Ya sauko da tsofaffin na'urorin da na yi koyo da su, ya jera su a kan benci, ya haɗa su, fitilunsu suna ta ƙyafta ido. Kowane kebul da takardarsa baki biyu. A gabansa littattafaina ne na jarrabawa, waɗanda na cika gefensu da rubutu, na bar su a sito na manta. Ya ɗora madubin ƙara girman rubutu a kan shafi, yana bi da yatsa, yana karantawa a hankali a fili kamar ɗan aji ɗaya. Sai ya juya kan kwamfuta ya buga da yatsa biyu. Ya yi kuskure a layi na biyu. Na san kuskuren, ni ma a nan na sha faɗuwa. Saura kaɗan in yi magana.

Lambarsa yake so ya farfaɗo. Shi ne lokacin da yake ta roƙo.

Na fito da baya da baya, takalmi a hannu. Ga ni nan zaune, mai shara ta wuce tana kallona.

Talata, ƙarfe bakwai na safe

Yau ban leƙa ba, shiga na yi da sallama. Ya yi sauri ya kife littafin.

"Malam, ka yafe min maganar ran Alhamis."

"Wace magana? Kunnena ya tsufa."

"Yaushe ne jarrabawar?"

"Wa ya ce miki jarrabawa zan yi? Ƙura nake kaɗe wa kayan nan."

Na jawo kujera na zauna. Na ce, "To ai ƙurar babi na gaba ta fi yawa. A nan ake kayar da mutane."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya daɗe. Sannan ya turo min littafin. "Alhamis ta sama. Nuna min inda ƙurar ta taru."

Alhamis, da rana

Kullum da safe muna kaɗe ƙura. Dogo ya gane, yanzu in ya iso sai ya ɗaga murya daga waje, "A yi shara lafiya!" Malam ya ce zai kore shi, Dogo ya ce sai dai bayan jarrabawa.

Kan Malam garau yake, ya fi ni sanin dalilin komai. Ido ne da yatsu. Abin da nake bugawa kafin in haɗiye shayi, shi sai shayin ya huce. In na gyara masa sai ya ce, "Na sani, gwada ki nake yi." Yau ya yi daidai tun daga farko har ƙarshe, fitilun suka koma kore gaba ɗaya, ya buga benci ya yi dariya irin wadda rabona da ji tun ina riƙe tsani.

Ban buɗe shafin ba tun Litinin.

Asabar, a asibiti

Na ba mutumin nawa labarin ƙura. Ya yi dariya har injin ya yi ƙara, nas ta zo ta harare mu. Ya ce in gaya wa Malam ya sa rigar nan mai ruwan toka da ya ɗinka masa, wai ba a faɗuwa a cikinta.

Yau bai iya shanye rabin kofi ba.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Malam ya sa rigar. Dogo ya tuƙa shi. Na ce zan bi su, ya ce in zauna in tsare shago, shi ba yaro ba ne. Daga cikin mota ya leƙo ya tambaye ni wani abu da ya sani sarai. Na ba shi amsa, ya gyaɗa kai.

Alhamis, bayan la'asar

Tun daga yadda Dogo ya ajiye motar na gane.

Malam ya shigo ya zauna a teburinsa, bai cire hula ba. Ya ce, "Lokaci ya ƙare ina tsakiyar hanya. Na san amsoshin, 'yata. Rubutunsu ne ƙanana." Ba za a bar shi ya sake zama ba sai wani watan. Wa'adina kuma jibi.

Na ce, "Ba komai Malam. Zan kira manajar in ba ta haƙuri. In ka ci, sai in nemi wani aikin."

Da gaske nake, har ga Allah. Na dubi Dogo a bakin ƙofa yana wasa da makullin mota, na ji ba zan iya ba.

Malam ya jawo kwamfuta ya buɗe shafin. Ya kusantar da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, yana lalube.

"Ina abin yake?"

"Malam, ka bari."

"Ki nuna min, ko in danna wanda zai goge mu gaba ɗaya."

"Kwaleji fa? Dogo fa?"

Daga ƙofa Dogo ya ce, "Anti, kar ki sa sunana a ciki. Silin bai ƙare a garin nan ba."

Malam ya ce, "Na so in sallame ki ƙofata ba ta yi tsirara ba, shi ya sa na ɓata miki makonni. Allah bai nufa ba. Kamfani yana iya jiran wani watan. Tela fa, kin tabbata?"

Ban taɓa jin wani ya faɗa a fili ba. Ni ma ban taɓa faɗa ba, ko a nan.

Na ɗora yatsana a gefen gilashin, ƙasa ta hannun dama. Ban iya ganin komai ba, amma na san wurin, na kwana na tashi ina kallonsa.

Juma'a, da asuba

Ya danna.

Juma'a, ƙarfe goma na safe

Masu na'urorin sun aiko saƙo tun da sassafe, a cire tambarinsu. Dogo ya ɗauko tsani zai hau, Malam ya ce shi ya kafa, shi zai cire. "Injiniya, riƙe min."

Na riƙe, ƙafata ɗaya a matakin ƙasa yadda ya koya min. Ya hau a hankali, yana hutawa. Ya kwance ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya yana miƙo min. Inda tambarin ya tashi fentin ya fi na sauran bangon haske. Ya zuba ƙusoshin a 'yar leda, ya rubuta mata takarda, ya ajiye tare da tambarin a aljihun tebur na sama, ba na ƙasa ba.

Kwaleji sun ce za su duba. Ba wanda ya san abin da dubawar take nufi.

Da zan tafi na durƙusa na gaishe shi. Ya ce in tashi, zan rasa mota. Shi ya zuge min jakar aiki da kansa, wai kullum a buɗe nake barinta.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana, a asibiti

Da ƙafa na zo. Na taso daga ofis lokacin hutu, ban ko yi gumi ba.

Na tarar da mutumin nawa da ɗaya daga littattafaina na jarrabawa a cinya, waya a kan ƙirji, yana karanta wa Malam tambayoyi. Ashe sun shirya tsakaninsu: duk ranar injin, tela zai yi tambaya, Malam zai amsa. Yana karkarya kalmomin yadda ya ga dama, Malam yana ihu ta waya, "Ba haka ake faɗa ba!" shi kuma yana cewa, "Amsa za ka ba ni ko gyara?" Na gadon kusa har ya fara zaɓar amsa.

Muryar mutumin nawa ba ta kai ƙarshen tambaya sai ya huta. Malam yana jira. Bai taɓa cewa ya yi sauri ba.

Da safe a sabon ofis aka ba ni na'ura ta farko in saita. Na buɗe jaka in ɗauko shuɗin kebul da muke shiga cikin na'ura da shi, sai na ga ba nawa ba ne. Na Malam ne, tsohon nan da ya koɗe, wanda ba ya ba kowa aro. Ya manna masa sababbin takardu baki biyu, da rubutunsa manya-manya. A baki ɗaya ya sa, "Daga: wurin Malam." Na bi shi da hannu zuwa ɗaya bakin, ina zaton zan ga sunan sabon kamfanin.

"Zuwa: wurin tela."